"Wallahi na duba, ban gan shi ba": me ke ɓoye mai babur ga direba a mahaɗa?

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta shafe mu masu koyar da tuƙi kai tsaye. Mota ta tsaya a mahaɗa, direba ya juya kai hagu da dama, ya saki burki ya hau titi, mai babur ya zo ya daki gefenta. Rana tsaka, babu hazo, direban bai sha komai ba. Abu na farko da zai fito daga bakinsa shi ne, "Wallahi na duba, ban gan shi ba." Jama'ar da suka taru za su ce ƙarya yake yi. A ganina da yawansu gaskiya suke faɗa, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali, domin wanda bai san inda dubansa ya gaza ba gobe ma haka zai sake dubawa. Ina roƙon Dakta da Malama su fayyace mana abin da ke faruwa tsakanin ido da ƙwaƙwalwa, mu san abin da za mu gyara a koyarwa.

Alhaji Tukur: Wa alaikumus salam. Malam Sabo, kada mu buɗe wa masu ganganci ƙofa. Mutum da idonsa biyu lafiya lau, babur da mutum a kai yana tafe gabansa, ya ce bai gani ba? Ko waya yake latsawa, ko ya gani ya ce bari in riga shi.

Dakta Bilki: Alhaji, waɗanda ka ambata suna nan, babu musu. Amma ido lafiyayye ma ba ya ganin duk abin da ke gabansa a lokaci guda.

A bayan ƙwayar ido akwai tantani mai karɓar haske. Ƙwayoyin da ke cikinsa iri biyu ne: masu aiki cikin duhu, wajen miliyan 100, da masu rarrabe launi da ƙananan abubuwa, miliyan 5 zuwa 6. Waɗannan na biyun sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi da ke tsakiyar tantanin, kuma da wannan gurbin kaɗai muke gani tangaran. Faɗin abin da yake ɗauka, in aka auna shi da kusurwa, bai wuce digiri 2 ba. Ka miƙa hannunka gaba ɗaya ka dubi farcen babban yatsanka, to kusan iyakarsa ke nan. Da an kauce digiri 10 daga tsakiya, kaifin gani ya faɗo zuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar. Gwada da jarida: kafa ido a kan kalma ɗaya, kada ka motsa shi, ka yi ƙoƙarin karanta kalma ta huɗu daga gefenta. Za ka san akwai rubutu a wurin, amma ba za ka iya karanta shi ba.

Abin da ya sa ba ma jin wannan ƙarancin shi ne ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri, wajen sau 3 a kowace daƙiƙa. Lokacin tsallen kuma ƙwaƙwalwa tana danne abin da ke shigowa, don kada duniya ta riƙa yi mana jirwaye. Tsaya gaban madubi, dubi idonka na hagu, ka koma na dama, ka dawo. Ba za ka taɓa ganin idanunka suna motsi ba, amma wanda ke tsaye kusa da kai zai gani sarai. Direban da ya share titi da ido cikin sauri, wurare biyu ko uku kawai idonsa ya sauka a kai. Abin da ke tsakaninsu ƙwaƙwalwa ce ta cike shi da abin da ta zata, wato kwalta babu kowa.

Malam Isiyaku: Dakta, ko wannan ne makahon gurbin da ake cewa kowane ido yana da shi?

Dakta Bilki: A'a Malam, wancan daban ne. Shi ne inda jijiyar gani ke fita daga ido, babu ƙwayoyin karɓar haske a wurin, kuma a fagen gani yana wajen digiri 15 daga tsakiya ta ɓangaren kunne. Ga yadda ake gano shi. A farar takarda zana alamar + a hagu, ɗigo baƙi a dama, tazarar santimita 10. Rufe idon hagu, kafa na dama a kan +, ka riƙa matso da takardar a hankali. Tsakanin santimita 30 da 40 daga fuskarka ɗigon zai ɓace. Ka lura da kyau, ba rami baƙi za ka gani ba, farar takarda za ka gani. In ka ja layi ya ratsa ta wurin, ka bar giɓi daidai ɗigon, layin zai bayyana a haɗe. Wani Bafaranshe mai suna Mariotte ne ya bayyana shi a shekarun 1660.

A tuƙi ba shi ne babbar matsala ba, domin ido ɗaya yana rufa wa ɗaya. Sai ga mai ido ɗaya, ko in wani abu ya tare ido guda. Amfanin gwajin shi ne ka ga da kanka cewa ƙwaƙwalwa tana cike giɓi ba tare da ta sanar da kai ba.

Malama Uwani: Bari in ɗora daga inda Dakta ta tsaya. Ko da idon ya sauka daidai kan babur ɗin, ba a gama ba. Ibnul Haisam, masanin haske da gani wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya bayyana cewa gani ba ya kammala sai hankali ya kwatanta abin da ya shigo da abin da ya riga ya sani, kuma wannan hukuncin yana gudana da saurin da mutum ba ya jin ya yi shi. Binciken zamani ya tabbatar da hakan.

A 1999 wasu masu bincike biyu, Simons da Chabris, a Jami'ar Harvard sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiyarsu, ya tsaya ya daki ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. A 2013 aka yi makamancin haka da likitoci 24 ƙwararru a karanta hoton huhu. Aka saka ɗan hoton goggon biri cikin hotunan da suke neman ƙari, wato kumburin ciwo, a ciki, 20 daga cikinsu ba su lura da shi ba. Na'urar bin motsin ido ta nuna yawancin waɗanda suka rasa shi sun kai idonsu daidai inda yake.

Direba a mahaɗa aiki ɗaya ya ba ƙwaƙwalwarsa: nemo mini sarari tsakanin motoci in shiga. Abin da take tacewa ke nan, abu mai faɗi, mai fitila biyu, mai iya murƙushe shi. Siririn abu mai tsayi bai dace da abin da ake nema ba, sai a tura shi cikin tarkacen gefen hanya tare da turakun lantarki da allunan talla da masu tafiya a ƙasa.

Alhaji Tukur: Malama, wannan a ƙasar Turawa zan yarda, inda babur ɗaiɗai ne. A Zariya ko Katsina ko Maraɗi babura sun fi motoci yawa a wasu titunan. Ta yaya direba zai ce bai zaci babur ba?

Malama Uwani: Hujjarka tana da ƙarfi Alhaji. Rashin sabo da abu yana sa a rasa shi, kuma wannan dalilin bai cika aiki a garuruwanmu ba. Amma yawan ma yana da nasa illar. Hankali ba ya iya bin abubuwa masu motsi fiye da 4 ko 5 a lokaci guda. In babura goma da a-daidaita-sahu uku suna tafe, ƙwaƙwalwa tana dunƙule su ta mai da su ayari guda mai gudu ɗaya. Masana na Jamus, Wertheimer da Köhler da Koffka, sun yi bayanin wannan tun farkon ƙarni na 20: abubuwan da ke kusa da juna, ko masu kama da juna, ko masu tafiya tare, ana ganinsu abu ɗaya. Direba ya auna gudun ayarin ya ga zai iya wucewa. Wanda zai buge shi shi ne guda ɗayan da ya fito daga bayan ayarin da gudun da ya ninka nasu.

Sannan akwai rabe abu da bayansa. Babur da ke tafe gaban tirela yana narkewa cikin fuskar tirelar, domin iyakar jikinsa duk tana cikin iyakar babbar motar. Direba ya ga tirela tana nesa, ya shiga, alhali akwai babur mita 30 a gabanta.

Injiniya Ɗanladi: Bari in saka lissafi, don a ga girman abin da muke magana a kai. Babur da mahayinsa daga gaba faɗinsu wajen santimita 70 ne. A nisan mita 100 yana cin digiri 0.4 na gani. A mita 50, digiri 0.8, bai kai rabin farcen da Dakta ta ambata ba. A mita 25, digiri 1.6. A mita 10, digiri 4. In yana gudun kilomita 60 a awa, yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga mita 100 zuwa 50 daƙiƙa 3 ne, kuma a duk wannan lokacin girmansa a ido da digiri 0.4 kawai ya ƙaru. Daga mita 25 zuwa 10 bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Shi ya sa direba ke cewa "daga sama ya faɗo". Abin da ke tahowa kai tsaye ba ya ratsa fagen gani, kumbura kawai yake yi, kuma kumburin ba ya zama abin lura sai a ƙarshe.

Ga wani kuskuren na daban, na wanda ya gani amma ya auna ba daidai ba. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ƙaramin abu a matsayin mai nisa. Mota da babur a nisa ɗaya da gudu ɗaya, mutane sukan ce motar za ta riga isowa. Saboda haka direba yana karɓar ƙaramin sarari gaban babur wanda ba zai karɓa gaban mota ba. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 1981, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya samu cewa a haɗurran da suka haɗa da wata mota, wajen kashi biyu cikin uku direban motar ne ya shiga hanyar mai babur.

Malam Isiyaku: Injiniya, ka taɓo ƙarfen nan da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa. Motocin yanzu nasu ya yi kauri sosai.

Injiniya Ɗanladi: An ƙara masa kauri ne don rufin mota ya jure in ta kife, wasu kuma akwai jakar iska a ciki. A ɗauka faɗinsa santimita 10, yana santimita 60 daga fuskar direba, tazarar idanu biyu kuma santimita 6 da rabi. Abin da ya ɓuya ga idanu biyun gaba ɗaya a nisan mita 30 ya kai faɗin mita 1.8, kusan tsawon babur. A mita 50 ya kai mita 3.

Mafi muni shi ne in ku biyu kuna nufar mahaɗa ɗaya ta hanyoyin da suka gicciye. In gudunku zai kai ku wurin a lokaci guda, kusurwar da ke tsakaninku ba ta canjawa. Misali in nisanku ɗaya gudunku ɗaya, zai zauna a digiri 45 daga gabanka tun daga nesa har ku haɗu. In ya fara a bayan ƙarfen, a nan zai zauna. In ma ba a bayansa yake ba, gefen ido motsi yake kamawa, shi kuwa a fagen ganinka ba ya motsi. Wato wanda za ka yi karo da shi, shi ne wanda ya fi wuyar gani. Matuƙan jirgin ruwa da na sama ana koya musu wannan tun farko. Maganinsa rage gudu kafin mahaɗa, domin da ka canja gudu kusurwar ta canja, ya fito fili.

Alhaji Tukur: Na ji lissafin. Abin da nake tsoro shi ne direba ya haddace wannan ya je gaban hukuma ya ce ƙwaƙwalwata ce ta cike giɓi.

Malam Sabo: Ba zai fisshe shi ba Alhaji. Wanda ya hau babban titi daga ƙarami, alhakin tabbatarwa a kansa yake. Abin da ya canja shi ne abin da za mu koyar. Cewa ɗalibi "duba hagu da dama" bai isa ba. Ga yadda nake ganin ya kamata.

Ya tsaya cak, tayoyi su daina juyawa. Tunda a dama muke tuƙi tun 1972, layin da ya fi kusa da shi daga hagu abin hawa ke zuwa, da can zai fara. Kada ya share titi da ido. Ya sauke ido a wuri uku, nesa, tsakiya, kusa, kowanne ya ɗan tsaya. Ya yi haka a dama. Ya dawo hagu karo na biyu, kuma wannan na biyun shi ne mai muhimmanci, domin kallo ɗaya yana ba ka wurin da abu yake, sai kallo biyu ne ke ba ka gudunsa. Yana yi yana matsar da kai gaba da baya kamar taƙi guda, ya leƙa bayan ƙarfen gilashi. Ɗalibi sabo a sa shi ya faɗa da baki, "mota, babur, mai ƙafa", don ya ba ƙwaƙwalwarsa abu uku ta nema. Duka bai wuce daƙiƙa 4 ko 5 ba. Na baya zai yi ta hon, a koya masa ya jure.

Malama Uwani: Faɗa da bakin nan yana da tushe, abin da ka ambata shi hankali ke nema. Waya kuma ko a kunne take ko a lasifikar mota, hirar ce ke cin hankalin, riƙewar ba ita kaɗai ce matsalar ba.

Dakta Bilki: Ina da ƙari biyu daga ɓangaren asibiti. Na farko hawan jinin ido. Yana cin gani daga gefe a hankali, babu ciwo, kuma saboda cike giɓin da muka yi bayani, mai shi ba ya ganin baƙi, titi yake gani cikakke amma babu yaron da ke gefensa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Irin wannan direban zai iya karanta haruffan allon gwajin ido har layin ƙasa, domin allon tsakiyar gani kawai yake aunawa. Duk direban da ya kai 40, musamman in akwai ciwon a danginsu, ya nemi a auna masa ƙarfin ruwan ido, a duba jijiyar, a yi masa gwajin faɗin gani. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma magani yana tsayar da sauran.

Na biyu dare. Gani iri biyu muke tuƙi da shi. Wanda ke riƙe ka a layinka yana aiki da gefen ido kuma duhu bai cika rage shi ba. Wanda ke gane mutum ko jaki ko tirelar da ta mutu a hanya shi ne ke faɗuwa warwas. Direba yana jin sitiyari na bin hannunsa lafiya, sai ya ɗauka yana gani lafiya. Mai yanar ido kuma, ko da ba ta nuna ba, fitilar mai zuwa tana watsuwa a cikin idonsa ta wanke komai, kuma da shekaru ido yana ƙara daɗewa kafin ya farfaɗo daga wannan hasken.

Injiniya Ɗanladi: Lambobin dare ke nan. A kilomita 100 a awa mota na cin mita 28 a daƙiƙa. In abu ya zo ba zato, daga gani zuwa taka burki wajen daƙiƙa ɗaya da rabi ne, mita 42. Burki a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau wasu mita 55. Jimla kusan mita 100. Fitilar kusa tana haska wajen mita 50 zuwa 60. A kilomita 60 jimlar tana wajen mita 45, shi ne gudun da ya dace da fitilar.

Dunƙulewar da Malama ta faɗa ta fi tsanani da dare, domin fitilu kaɗai suka rage. Mota mai fitila ɗaya ana ɗaukarta babur, mai zuwa ya raɓe ta ya daki ɓangaren da ya mutu. Babura biyu a jere ana ɗaukarsu mota ɗaya. Fitilar babur in ta zo daidai da ta motar da ke bayansa, sai su zama fitilun mota guda mai nisa. Ganyen da ake zubawa a bayan motar da ta lalace da rana yana aiki, da dare baƙi ne a kan baƙi. Abin da ke aiki shi ne tef mai mayar da haske, ja da fari, a bi gefen tirela da bayanta da shi har kusurwoyi, don ƙwaƙwalwa ta haɗa ɗigogin ta fitar da siffar babbar mota. Amurka ta wajabta shi a sababbin tireloli tun ƙarshen 1993. In ƙura ta rufe shi kuwa kamar babu, a riƙa gogewa.

Lokacin hunturu kuma a tuna hazo yana dusashe abu, ƙwaƙwalwa kuwa ta saba dusasshen abu mai nisa ne. Motar da ke gabanka ta fi kusa da yadda kake gani.

Alhaji Tukur: To su masu babur ɗin fa? Riga mai kyalli ta wadatar?

Malam Isiyaku: Tana taimakawa Alhaji, amma ya danganta da abin da ke bayan mutum. Rawayar riga a titin da ya cika da rawayen a-daidaita-sahu ba ta fitar da kowa. Da dare kuma launin ba ya aiki, sai zanen da ke mayar da haske. Shi ma ya fi amfani a gaɓoɓi masu motsi. An daɗe da gano cewa ɗigon haske goma sha wani abu a gwiwa da idon sawu da wuyan hannu sun isa mutum ya gane ɗan Adam ne ke tafiya, shi ya sa ga mai keke da mai tafiya a ƙasa kyalli a idon sawu ya fi faci ɗaya a ƙirji.

Mai babur ya kunna fitila ko da rana. Kada ya manne a bayan babbar mota in ana nufar mahaɗa, kuma kada ya wuce ayari a daidai bakinta. Ya bar gefen titi inda turaku da masu talla suke, ya ɗan shigo cikin layi inda direba ke kai ido neman mota. In ya hango mota tana jiran shiga, ya sassauta totur, yatsu biyu a kan burkin gaba, ya ɗan karkata daga wannan gefen layinsa zuwa wancan in hanya ta ba da dama, don ya samar da motsin gefe da idon direban zai kama.

Malam Sabo: Wasu suna koyar da cewa a haɗa ido da direban. Me ka gani?

Malam Isiyaku: Ba abin dogaro ba ne, likitocin huhun nan ma sun kai ido wurin. Fuskar direba na iya fuskantarka yana kallon tirelar da ke bayanka. A dubi tayar gaba ta motar. Juyawar ƙarfen taya a kan kwalta tana bayyana tun motar ba ta ci rabin mita ba, kafin a lura jikinta ya motsa, kuma inda tayar ta karkata nan motar za ta nufa. Da ta fara juyawa a kama burki biyun tare, na gaba a matse shi a hankali ana ƙarawa, kada a fizge shi, musamman in akwai yashi a bakin mahaɗar.